CHEW, Difloma, NCE Ko Digiri: Wanne Ya Dace Da Mai Son Aikin Taimakon Al'umma?

Duk lokacin da sakamakon WAEC da NECO ya fito, tambaya ɗaya ce ke yawo a gidaje da majalisu: yaron nan me zai karanta? Akwai wani rukunin yara da amsarsu kan ɗaure wa iyaye kai. Ba likita suke son zama ba, ba lauya ba, ba injiniya ba. Cewa suke yi suna son aikin taimakon mutane: marayu, zawarawan da aka bar wa 'ya'ya, masu buƙata ta musamman, matasan da ƙwaya ta ci ƙarfinsu, 'yan gudun hijira. Sau da yawa abin da ake ce musu shi ne, "To ai sai ka tafi makarantar kiwon lafiya," ko kuma, "Ki cike Soshiyoloji kawai." Da kyakkyawar niyya ake ba da shawarwarin nan, amma sukan kai yaro inda bai nufa ba.

A Arewacin Najeriya hanyoyi huɗu ne aka fi bi zuwa wannan aiki: makarantar koyon kiwon lafiya a matakin farko, difloma ta kwalejin fasaha, NCE ta kwalejin ilimi, da digirin jami'a. Kowacce da hukumar da ke kula da ita, kowacce kuma da ƙofar da takardarta ke buɗewa. Ba su da maƙura ɗaya. Abin da ya kamata a fara tambaya shi ne wane irin aiki mutum yake so ya wayi gari yana yi kullum, sannan a nemi takardar da ke kai shi can.

Makarantar kiwon lafiya: CHEW da JCHEW

Wannan ce hanyar da ta fi farin jini, kuma da dalili. Kusan kowace jiha tana da makarantarta ta gwamnati: Kano da Bebeji, Maƙarfi a Kaduna, Kankiya da Daura a Katsina, Jahun a Jigawa, Tsafe a Zamfara, Gwadabawa a Sakkwato, Jega a Kebbi, Ningi a Bauchi, Kaltungo a Gombe, Nguru a Yobe. Yarinya za ta iya yin karatun ba tare da ta yi nisa da gida ba, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne a wurin iyaye da yawa.

CHEW shi ne ma'aikacin lafiyar al'umma, JCHEW kuma ƙaramin matakinsa. JCHEW shekara 2 ne, CHEW kuma shekara 3. Ana neman kiredit 5 a Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kimistiri da Fizis, don haka wanda bai yi ajin kimiyya a sakandare ba, ƙofar nan a rufe take gare shi sai ya koma ya gyara. Abin da ya bambanta wannan hanya da sauran ukun shi ne lasisi. Akwai hukumar rajistar ma'aikatan lafiyar al'umma, CHPRBN, wadda aka kafa da dokar soja mai lamba 61 ta shekarar 1992. Ita ke yi wa ɗalibi rajista tun farkon karatu, ita ke shirya jarrabawar ƙarshe ta ƙasa, ita ke ba da lasisin aiki. Wanda ya riƙe lasisin nan yana da sana'a a hannu, wadda kowa ya san sunanta, daga sakatariyar ƙaramar hukuma har zuwa asibitin kuɗi na cikin unguwa. Gaba kuma akwai matakin CHO, wato jami'in lafiyar al'umma, da ake yi a asibitocin koyarwa bayan an yi aiki na wani lokaci.

Tsarin ya samo asali ne daga taron Alma Ata na 1978, ya kuma kafu sosai a zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya, daga 1985 zuwa 1992. Manufar ita ce a sami ma'aikacin da zai riƙa shiga cikin jama'a gida-gida, musamman mai JCHEW, yana wayar da kai kan tsafta, rigakafi, awon ciki da abincin yara. A takarda haka yake. A aikace kuwa, saboda ƙarancin likitoci da nas-nas a karkara, mai CHEW shi ke zama likitan ƙauye. Shi ke duba zazzaɓi, shi ke allura, ita ke karɓar haihuwa da tsakar dare. Littafin ƙa'idojin duba marasa lafiya da aka koya masa aiki da shi ya fi zama a hannunsa fiye da rajistar ziyarar gidaje.

A nan ne nake so mai zaɓe ya tsaya ya yi tunani. Aikin CHEW aikin lafiya ne. Idan abin da ke ranka shi ne sasanta ma'aurata, bin kadin yaron da aka kai kotu, nema wa marainiya wurin zama, ko zama da matashin da ke fama da shaye-shaye har ya dawo hayyacinsa, ba a koyar da waɗannan da zurfi a makarantar kiwon lafiya, kuma ba su za a ɗauke ka aiki ka yi ba. Idan kuwa jini da allura ba sa tayar maka da hankali, kuma kana son sana'ar da za ka fara cin abinci da ita da wuri, babu wadda ta kai ta a cikin huɗun.

Akwai abubuwa biyu da ba a cika faɗa wa iyaye ba. Na farko, masu takardar sun yi yawa ƙwarai. Shiga asibitin sha-ka-tafi a kusan kowace jiha za ka tarar da matasa masu CHEW suna aikin sa-kai, wasu shekara da shekaru, suna jiran ranar da gwamnati za ta buɗe ɗaukar ma'aikata. Na biyu, makarantu masu zaman kansu sun yi ta tsirowa, kuma ba duka ke da amincewar hukuma ba. A shekarar 2022 gwamnatin Kano ta rufe irin waɗannan makarantun koyon aikin lafiya fiye da 20 saboda ba su cika ƙa'ida ba. Ɗalibin da bai sami lambar rajista daga hukuma ba, ba zai zauna jarrabawar ƙasa ba, ko da ya biya kuɗin shekara uku cif. Ga kuma ɗawainiya: inifom, kayan aiki, kuɗin rajista, kuɗin jarrabawa, kuɗin zuwa wuraren koyon aiki. A lissafa su duka tun kafin a fara.

Difloma a kwalejin fasaha

Wannan ita ce hanyar da na fi so a sani, domin ita ce ta fi kusa da ainihin aikin, kuma ita ce aka fi mantawa da ita. A ƙasidar JAMB za ka ga kwas ɗin da sunan Social Development. Kwalejin Fasaha ta Kaduna tana da sashe sukutum na wannan fanni, tana ba da ƙaramar difloma (ND) da babbar difloma (HND). Makarantar Rano da ke ƙarƙashin Kwalejin Fasaha ta Jihar Kano ma an daɗe da saninta da horar da ma'aikatan raya karkara da na walwalar jama'a. Hukumar NBTE, wadda hedikwatarta ke Kaduna, ita ke tantance kwasa-kwasan.

ND shekara 2 ce, sai shekara 1 ta koyon aiki, sai HND shekara 2, inda ake karkata zuwa wani ɓangare kamar walwalar jama'a ko ci gaban al'umma. Ba a neman Kimistiri da Fizis, don haka ɗan ajin zamantakewa ko na adabi yana da dama.

Me ake koya? Yadda ake zama da mutum ɗaya ko iyali ɗaya a saurari matsalarsu, a rubuta ta, a tsara mafita, a bi diddigi. Yadda ake aiki da rukuni, kamar ƙungiyar mata masu adashi ko kulob ɗin matasa. Yadda ake shiga gari ta hannun mai unguwa, dagaci da limami, a tara jama'a su fitar da buƙatarsu da kansu, su yi aikin gayya. Ana taɓa ilimin halayyar ɗan'adam, dokokin da suka shafi iyali da yara, da yadda ake rubuta rahoto. Wannan shi ne aikin da ake yi a ofishin walwala na ƙaramar hukuma, inda matar da miji ya daina ciyar da 'ya'yanta take fara kai kuka kafin magana ta kai kotu. Shi ake yi a gidajen marayu irin na Nassarawa a Kano, da gidan ajiye yara masu laifi na Goron Dutse, da makarantar gyaran tarbiyya ta hukumar gidajen gyaran hali da ke Kaduna.

Aikin nan kuma ƙaruwa yake yi, domin dokoki sun yi ta fitowa waɗanda ba za su yi aiki ba sai da irin waɗannan ma'aikata. Akwai dokar haƙƙin yara ta 2003, wadda jihohin Arewa suka yi ta amincewa da irin tasu daga baya, Kano ta sa hannu a tata a 2023. Akwai dokar hana cin zarafin mutane ta 2015. Akwai dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a watan Janairun 2019. A 2019 ɗin ce kuma dokar hukumar gidajen gyaran hali ta kawo hukuncin da ba na ɗauri ba, wato a sa mai ƙaramin laifi aikin al'umma ko a sake shi bisa sa ido. Wa zai sa idon? Wa zai je gidan yaron ya ga halin da yake ciki, ya rubuta wa alƙali rahoto? A watan Satumban 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutane sama da 300 daga wani gidan mari a Rigasa, yawancinsu yara da matasa, fito da su shi ne mai sauƙin. Nemo iyayensu, kwantar musu da hankali, da tabbatar da cewa ba a mayar da su wani wuri irinsa ba, wannan aikin ma'aikacin walwala ne.

Raunin wannan hanya a bayyane yake. Babu tsohon tsarin lasisi irin na CHEW da zai sa a ce wannan kujera sai mai wannan takarda. A ofisoshi da yawa za ka tarar an ɗora wanda ya karanta wani fanni daban a kan teburin walwala. A ƙarshen 2022 ne Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kafa majalisar kula da aikin walwalar jama'a ta ƙasa, wadda aka ɗora wa alhakin rajistar ma'aikatan fannin da tsara ƙa'idojin horar da su. Doka ce sabuwa idan aka gwada ta da ta ma'aikatan lafiyar al'umma da ta girme ta da shekara 30, don haka ɗalibi ya riƙa bin labarinta. Sai kuma tsohuwar matsalar fifita digiri a kan HND wajen ƙarin girma a aikin gwamnati, wadda ta daɗe tana ci wa 'yan kwalejin fasaha tuwo a ƙwarya. Bisa al'ada mai ND kan fara aiki a matakin albashi na 6, mai NCE a mataki na 7, mai HND ko digiri a mataki na 8, amma inda kowa zai iya kaiwa a ƙarshe ba ɗaya ba ne.

NCE a ilimin manya ko ilimi na musamman

Ba zan daɗe a nan ba. Shekara 3 ce, ƙarƙashin kulawar hukumar NCCE mai kula da kwalejojin ilimi, kuma takardar koyarwa ce. Mun gaji wannan fanni tun zamanin Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, kuma hukumar ilimin manya da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a Kano a 1980 ta kai ga samun lambar yabo daga UNESCO. Wanda yake son koyar da matan aure karatu da sana'a, ko aiki da almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta, waɗanda aka kafa wa hukuma ta ƙasa a 2023, ko koyar da kurame da makafi, wannan hanya ta dace da shi. Amfaninta shi ne ko aikin al'umma bai samu ba, aji yana nan. Amma malami za a kira ka, kuma a makaranta za a fi neman ka. Sashen ilimin manya da hidimar al'umma na Jami'ar Bayero wuri ne da mai wannan NCE zai iya ɗorawa zuwa digiri.

Digirin jami'a

A nan ne ake yawan yin tuntuɓe. Soshiyoloji daban, kwas ɗin da JAMB ta rubuta da sunan Social Work, wato aikin walwala, daban. Na farko nazarin al'umma ne: me ya sa aure ke mutuwa, me ke haifar da aikata laifi, yaya birni ke sauya mutane. Ilimi ne mai amfani, kuma kusan kowace jami'a a Arewa tana koyar da shi. Na biyu horo ne na aiki: ga matar da aurenta ya mutu zaune a gabanka da yara huɗu, me za ka yi yau, me za ka yi mako mai zuwa. Mai digirin Soshiyoloji yana iya gama shekara huɗu bai taɓa zama da mabuƙaci ko sau ɗaya a ƙarƙashin kulawar ƙwararre ba. Mai digirin aikin walwala kuwa, fita fili wajibi ne a kansa.

Matsalar ita ce jami'o'in da suka daɗe da wannan digiri sun fi yawa a Kudu: Nsukka, Benin, Legas, Kalaba. Mafi kusa da mu su ne irin su Jami'ar Ilorin da Jami'ar Tarayya da ke garin Lafiya a jihar Nasarawa. Ga iyalin da ba za su iya tura 'yarsu nesa ba, wannan babban shinge ne. Shekara 4 ne ta hanyar JAMB, ko 3 ga wanda ya shiga kai tsaye da difloma ko NCE mai kyakkyawan sakamako. A ƙara da yajin aiki a lissafi: na ASUU a 2022 kaɗai ya ci wata 8, daga Fabrairu zuwa Oktoba.

Duk da haka akwai ƙofofin da digiri ne ya fi buɗe su. Sashen walwalar marasa lafiya na manyan asibitoci, inda ake tantance wanda ba shi da halin biyan kuɗin magani, a nemo dangin wanda aka yasar a gadon asibiti. Asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Barnawa, Kware, Dawanau da Maiduguri. Cibiyoyin gyaran masu shaye-shaye, a ƙasar da binciken 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi a cikin shekara guda. Sai manyan muƙamai a ma'aikatun mata da walwala, da kuma karatun gaba.

Maganar ƙungiyoyin agaji

Matasa da yawa saboda su suke sha'awar fannin. Tun da rikicin Boko Haram ya ɓarke a 2009, Maiduguri, Damaturu da Yola suka cika da ƙungiyoyi irin su UNICEF da Save the Children, suna ɗaukar ma'aikatan kare yara da na kula da waɗanda aka ci zarafinsu, da albashin da ya fi na gwamnati nesa ba kusa ba. Gaskiya ne. Amma aikin kwangila ne na wata shida ko shekara, kuma ya dogara da kuɗin da ke zuwa daga waje. A farkon 2025, da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take bayarwa ta hannun USAID, ayyuka da dama sun tsaya, ma'aikata suka koma gida. Kada wani ya gina zaɓin karatunsa a kan wannan kaɗai.

Su ƙungiyoyin ma ba takarda kaɗai suke dubawa ba. Suna son wanda ya iya rubuta rahoto da Turanci mai tsafta, ya iya kwamfuta da tattara bayanai a waya, ya iya riƙe sirri. A Borno, jin Kanuri ko Larabcin Shuwa na iya fifita ka a kan mai digiri biyu, haka Fillanci a Adamawa. Mata kuma suna da wata dama da maza ba su da ita: gidan da aka rubuta "ba a shiga" a ƙofarsa, ke za ki shiga har ɗaka, ki ji abin da ba za a taɓa faɗa wa namiji a zaure ba. Iyayen da ke ɗari-ɗari da barin 'yarsu ta karanta wannan fanni su san cewa rabin aikin ba zai yiwu ba sai da mata.

To, wa ya kamata ya bi wacce?

Ɗan ajin kimiyya da gida ke jiran ya fara kawo wani abu nan da shekara uku, kuma aikin asibiti bai dame shi ba, ya tafi CHEW a makarantar gwamnati ko wadda ya tabbatar da amincewarta. Kada ya tsaya a JCHEW idan sakamakonsa ya isa CHEW, domin zai dawo ya sake biyan kuɗi da lokaci kafin ya kai inda abokansa suka kai.

Wanda zuciyarsa ke kan iyali, yara, masu buƙata ta musamman da sasanci, shawarata ita ce ya fara da ND a kwalejin fasaha, ya dage ya fita da sakamako mai kyau, ya yi shekararsa ta koyon aiki a ofishin walwala ko gidan marayu na gaske, sannan ya nemi shiga jami'a kai tsaye a aji biyu. Hanyar ta fi tsawo da kimanin shekara biyu a kan wanda ya tafi jami'a tun farko, amma tana da fa'ida uku. Zai gane tun da wuri ko zai iya jure aikin, domin sauraron baƙin cikin mutane kullum ba kowa ke ɗauka ba, kuma gara a gane haka a shekara ta biyu da a gane bayan bautar ƙasa. Zai riƙe takardar da zai iya neman aiki da ita idan kuɗin karatu ya yanke a tsakiya. Zai kuma shiga jami'a da idon wanda ya riga ya ga abin da malami ke magana a kai.

Wanda ya sami gurbin digirin aikin walwala kai tsaye, kuma gida za su iya ɗaukar nauyin nisa, ya tafi. Asusun ba ɗalibai rance na NELFUND da ya fara aiki a 2024 ya shafi manyan makarantun gwamnati, jami'a da kwalejin fasaha da ta ilimi, sai dai a tuna bashi ne da za a biya. Wanda kuma ya riga ya tsinci kansa a Soshiyoloji, kada ya karaya. Ya nemi aikin sa-kai a lokacin hutu, ya tara ƙwarewa, sannan ya ɗora da digiri na biyu a aikin walwala.

Ma'aikacin ƙaramar hukuma da ya daɗe a ofishin walwala ba tare da takardar fannin ba, difloma ta wucin gadi ko ta ƙarshen mako za ta fi masa sauƙi. Matashi kuwa ya lura: karatun wucin gadi ba ya kai mutum bautar ƙasa, haka wanda ya haura shekara 30 kafin ya gama.

Kowace aka zaɓa, kafin a biya ko sisi a je makarantar da ƙafa. A tambayi ko wannan kwas ɗin, shi kansa, yana da amincewar hukumar da ke kula da shi a bana, domin makaranta na iya samun amincewa a wani kwas ta rasa a wani, kuma amincewar tana da wa'adi. A duba sunan a jerin da NBTE, NUC mai kula da jami'o'i, NCCE ko CHPRBN suka fitar, kada a tsaya ga abin da aka rubuta a allon bakin ƙofa. A makarantar kiwon lafiya a tambayi ɗalibai nawa hukuma ta yarda a ɗauka a shekara, nawa kuma aka ɗauka, domin rarar su ne ke rasa lambar rajista. Sannan a samu ɗaliban ajin ƙarshe, ba a gaban malamai ba, a tambaye su ina aka tura su koyon aiki, mako nawa suka yi, kuma ko akwai malamin da ya taɓa zuwa duba su a can.